Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Motsi Zuwa Sama: Ma'anoninsu da Bambance-bambancensu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da malamin Hausa ba ya iya kauce musu akwai fassara. Ko da bai koyar da ita a matsayin darasi ba, wata rana za a kawo masa sanarwa ko labari ko littafin kimiyya na firamare, a ce ya mayar da shi Hausa. A irin wannan aiki, kalmomin da suka fi ba da wahala su ne waɗanda ma'anarsu ta kusanci juna, domin ƙaramin ƙamus yakan ba su fassara guda. Ɗalibi zai duba ‘rise’ ya ga “tashi”, ya duba ‘arise’ ya sake ganin “tashi”. Zai duba ‘climb’ da ‘ascend’ da ‘mount’, duk ya ga “hau”. Daga nan sai ya ɗauka cewa kowace tana iya maye gurbin 'yar'uwarta, alhali ba haka abin yake ba.

A wannan babi za a nazarci kalmomin aikatau na Ingilishi waɗanda ke nuna motsi daga ƙasa zuwa sama. Za a nuna cewa tambayoyi uku ne ke rarrabe su. Ta farko: shin abin da kansa ya yi sama, ko kuwa wani ne ya kai shi? Ta biyu: ta wace hanya aka yi motsin? Ta uku: a wane irin zance ake amfani da kalmar, na yau da kullum ko na rubutu da taro? Bayan haka za a dubi yadda Hausa ta raba wannan fage na ma'ana ta tata hanya.

2.0 Dalilin Yawan Kalmomin

Tarihin Ingilishi ne ya tara masa waɗannan kalmomi. ‘Rise’ da ‘arise’ da ‘climb’ gadaddu ne daga tsohon Ingilishi. ‘Raise’ da ‘lift’ sun shigo ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon lokaci, ta wannan ƙofa kuma aka sami ‘mount’ da ‘soar’. Su kuwa ‘ascend’ da ‘elevate’ tushensu Latin ne, harshen coci da ilmi a Turai ta wancan zamani.

Wannan asali yana da tasiri har yau. Galibi kalmomin gado su ne na bakin kowa, na Latin kuwa su ne na littafi da jawabi. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, domin shi ma yana da “mutuwa” da “wafati”, yana da “tambaya” da “fatawa”, inda kalmar da aka aro daga Larabci ta fi nauyi a kunne kuma take da wurin da ta fi dacewa.

3.0 Mai Tashi da Wanda Aka Tayar: Rise, Raise, Arise

Kalmar ‘rise’ aikatau ce ƙi-karɓau. Abin da ake magana a kansa shi ne ke yin sama, babu wani da aikin ya faɗa wa. ‘Raise’ kuwa so-karɓau ce, dole a sami mai yi da abin da aka yi wa. Dubi waɗannan misalai:

1. The smoke rose. Hayaƙi ya tashi.
2. The pupil raised his hand. Ɗalibi ya ɗaga hannu.
3. Prices rose. Farashi ya tashi.
4. The traders raised prices. 'Yan kasuwa sun ƙara farashi.

A asali ma'anar ‘raise’ ita ce “sa abu ya yi rise”. Ingilishi yana da wasu tagwaye irin waɗannan: ‘lie’ da ‘lay’, ‘sit’ da ‘set’, ‘fall’ da ‘fell’. Dangantakarsu daidai take da ta “kwanta” da “kwantar”, “zauna” da “zaunar”, “tashi” da “tayar”. Bambancin shi ne Hausa tana da ƙa'ida rayayya ta ƙirar irin waɗannan kalmomi, wato aji na biyar daga cikin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. A Ingilishi ƙa'idar ta daɗe da mutuwa, saura 'yan kalmomi da sai dai a haddace su.

Wani abin da ke rikita ɗalibai shi ne siffofin shuɗaɗɗen lokaci. ‘Raise’ tana bin ƙa'ida: raise, raised, raised. ‘Rise’ ba ta bi: rise, rose, risen. Saboda haka kuskure ne a ce “the sun raised” ko “he rose the flag”.

‘Arise’ tana juyawa kamar ‘rise’: arise, arose, arisen. A tsohon rubutu tana nufin miƙewa tsaye ko tashi daga barci, kuma har yanzu ana jin wannan ma'ana a waƙa da addu'a da kiran jama'a. Da ita aka buɗe taken ƙasa da Nijeriya ta yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024. Amma a Ingilishin yau aikinta na kullum shi ne nuna ɓullowar abin da ba a gani da ido, kamar matsala ko saɓani ko bukata ko dama.

5. A problem arose. Matsala ta taso.
6. If the need arises. Idan bukatar hakan ta taso.

Ba a cewa farashi ko ruwan kogi ya yi ‘arise’. Abin lura kuma shi ne Hausa ta zaɓi “taso” a nan, wato siffar da ke nuna abu ya nufo inda mai magana yake.

4.0 Hawa: Climb, Ascend, Mount, Scale

4.1 Climb

Wannan ita ce kalmar yau da kullum ta hawan bishiya ko tsani ko dutse. Ba a furta harafin b na ƙarshenta, kamar yadda ba a furta shi a ‘comb’ da ‘lamb’. Masanin harshe Charles Fillmore ya nuna a 1982 cewa ma'anarta ta ƙunshi abubuwa biyu: nufar sama, da kuma amfani da hannu da ƙafa cikin ƙoƙari. Idan yaro ya hau mangwaro, duka biyun sun cika. Amma ɗaya daga ciki ma ya isa a yi amfani da kalmar:

7. The monkey climbed down the tree. Biri ya sauko daga bishiya.
8. The plane climbed to thirty thousand feet. Jirgi ya yi sama har ƙafa dubu talatin.

A misali na 7 akwai kama reshe da hannu da ƙafa, amma ƙasa aka nufa. A misali na 8 an nufi sama, amma jirgi ba shi da hannu balle ƙafa. Idan aka rasa duka biyun sai kalmar ta ƙi zama, shi ya sa ba a cewa jirgi ya yi ‘climb down’. Mai fassara ya kula da misali na 7 ƙwarai, domin “hau” ta Hausa ba ta taɓa nufar ƙasa. Duk inda aka ga ‘climb down’, “sauka” ko “sauko” ake nufi. Haka nan ‘climb out of’ fita ce daga rami ko taga da ƙyar.

4.2 Ascend

‘Ascend’ ba ta faɗin komai game da yadda aka yi motsin. Abin da kawai take nunawa shi ne an nufi sama, yawanci a hankali kuma a jere. Kishiyarta ita ce ‘descend’. Kalma ce ta rubutu da manyan al'amura. Sunan da aka samu daga gare ta iri biyu ne. ‘Ascent’ shi ne hawan dutse ko tashin abu sama. Da shi ake ambaton hawan farko da aka tabbatar zuwa ƙololuwar dutsen Everest, mai tsawon kimanin mita 8,849, wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka yi ranar 29 ga Mayu, 1953. ‘Ascension’ kuwa ya fi zama a fagen addini. Da shi Kiristoci ke kiran hawan Yesu Almasihu zuwa sama, kuma da shi masu rubutu da Ingilishi kan fassara Mi'iraji.

A fagen sarauta ma ita ake amfani da ita. Ana cewa Sarauniya Elizabeth ta Biyu ‘ascended the throne’ a 1952, wato ta hau gadon sarauta. Wanda ya sa ‘climbed’ a wannan wuri ya ba da hoton mutum yana dafa kujera yana ɗare ta kamar mai hawan katanga.

4.3 Mount

Tushen wannan kalma shi ne kalmar Latin mai nufin dutse, kuma dangin ‘mountain’ ce. Duk da haka ba a cika amfani da ita ga hawan dutse a yau ba. Ma'anarta ita ce hawa kan abu a zauna ko a tsaya a kansa, kamar doki ko keke ko mumbari ko dandamali. Tana nuna lokacin ɗarewar kawai. Tafiyar da ke biyo baya ‘ride’ ce. Hausa ta haɗa duka biyun a kalma guda, domin “ya hau doki” tana iya nufin ya ɗare sirdi yanzu, tana kuma iya nufin a kan doki ya yi tafiyar.

Idan ba ta da karɓau, ‘mount’ tana nufin ƙaruwa sannu a hankali ta abin da ba a so: ‘debts mounted’, bashi ya yi ta taruwa, ‘tension mounted’, zaman ɗar-ɗar ya ƙaru. Tana kuma da ma'anar kafawa ko girkawa, kamar kafa shinge a hanya, inda babu batun hawa ko kaɗan.

4.4 Scale

Wannan ta fito daga kalmar Latin mai nufin tsani. Ana amfani da ita ga abu mai tsayi da ya miƙe sak, kamar katanga ko ganuwa ko gefen dutse, kuma tana nuna an kai har bisa. Idan aka ce ɓarawo ‘scaled the wall’, Hausar da ta dace ita ce “ya haura katanga”. Ba a amfani da ita ga matakalar bene ko tudu mai sauƙin hawa.

5.0 Lulawa Sama: Soar

‘Soar’ ta tsuntsu ce tun asali, musamman irin su mikiya da shirwa da ungulu, waɗanda ke buɗe fukafukai iska ta ɗauke su can sama ba tare da yawan kaɗawa ba. Ma'anarta ta haɗa nisa da sauƙi. Inda ‘climb’ ke nuna wahala, ‘soar’ tana nuna rashinta. A Hausa ana iya cewa “ta lula sama”, ko “tana shawagi” idan kewayawa take yi.

A jaridu an fi ganin ta a labarin kasuwa. ‘Prices rose’ tana nufin farashi ya tashi, ko da kaɗan ne. ‘Prices climbed’ tana nufin ya yi ta hawa mataki-mataki. ‘Prices soared’ kuwa tana nufin ya yi sama ƙwarai cikin ɗan lokaci, kuma Hausa tana da maganar da ta yi daidai da ita: farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mai fassarar da ya mayar da duka ukun “farashi ya tashi” ya ɓoye wa mai karatu girman abin da ya faru. Wanda kuma ya sa “tashin gwauron zabo” a inda aka ce ‘rose’ kawai, ya ƙara wa labari gishiri, ya ta da hankalin jama'a a banza.

6.0 Ɗagawa: Lift, Raise, Hoist, Elevate

Duk waɗannan so-karɓau ne a aikinsu na yau da kullum. ‘Lift’ tana sa a tuna da nauyi, wato a raba abu da inda yake zaune, kamar buhun hatsi ko tulu ko yaro. Hausa tana da “ɗaga” da “ɗauka”, idan nauyin ya yi yawa kuma “cicciɓa” ko “sunguma”. ‘Raise’ ba ta damu da nauyi ba, abin da take nunawa shi ne an kai abu matsayi mafi tsawo, kamar hannu ko kai ko murya. ‘Hoist’ ɗagawa ce da igiya ko na'ura. Ita ake amfani da ita ga tuta, kamar yadda aka ɗaga tutar Nijeriya a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960. ‘Elevate’ ta rubutu ce, kuma ta fi zama a kan muƙami da daraja, inda Hausa ke cewa “ɗaukaka” ko “ƙara girma”.

Akwai kuma bambanci tsakanin Ingilishin Ingila da na Amurka. Na'urar da ke kai mutane saman bene ‘lift’ ce a Ingila, ‘elevator’ a Amurka. Ƙarin albashi ‘rise’ ne a Ingila, ‘raise’ a Amurka.

7.0 Yadda Hausa Ta Raba Fagen

Hausa ta dogara ne a kan kalmomi uku manya: “tashi” da “hau” da “ɗaga”. Kowace daga cikinsu ta mamaye wuraren da Ingilishi ya rarraba wa kalmomi da dama, wasu ma ba su da alaƙa da sama. Dubi “tashi”:

9. Ya tashi daga barci. He woke up.
10. Jirgi ya tashi. The plane took off.
11. Mota ta tashi. The car started.
12. Makaranta ta tashi. School closed.
13. A Zariya ya tashi. He grew up in Zaria.
14. Kotu ta tashi. The court rose.

A cikin shida, misali na 14 ne kawai ya karɓi ‘rise’. Haka abin yake ga “hau”. Bahaushe yana hawan bishiya, yana hawan doki, yana hawan mota da jirgi, yana hawan gadon sarauta. Ingilishi yana bukatar ‘climb’ ga ta farko, ‘mount’ ko ‘ride’ ga ta biyu, ‘get into’ ko ‘board’ ga ta uku, ‘ascend’ ga ta ƙarshe. Daga nan ne kuskuren ɗalibai na cewa “I climbed a motorcycle” ya samo asali. Sun ɗauki faɗin “hau” sun ɗora wa ‘climb’.

Idan aka juyo ta ɗaya ɓangaren, ‘rise’ da ‘raise’ su ma suna zuwa inda “tashi” da “ɗaga” ba sa zuwa:

15. The sun rose. Rana ta fito.
16. The river rose. Kogi ya kawo ruwa.
17. The Niger rises in the highlands of Guinea. Kogin Kwara ya faro daga tsaunukan ƙasar Gini.
18. They raised money. Sun tara kuɗi.
19. She raised five children. Ta reni 'ya'ya biyar.
20. The government lifted the curfew. Gwamnati ta ɗage dokar hana fita.

Misali na 15 ya nuna cewa harsunan biyu ba su kalli abu guda ta fuska ɗaya ba. Bature ya ga rana tana yin sama, Bahaushe ya ga ta fito daga maɓoyarta. Misali na 20 kuma yana da tarko idan aka juya shi, domin “ɗage” tana da ma'ana ta biyu. “An ɗage taro” na nufin an jinkirta shi zuwa wani lokaci, wanda Ingilishinsa ‘postpone’ ne, ba ‘lift’ ba.

Akwai bambanci na ƙira kuma. Leonard Talmy ya bayyana a 1985 cewa Ingilishi yakan zuba yanayin motsi a cikin aikatau, ya bar wa ƙaramar kalma irin ‘up’ nuna inda aka nufa: ‘run up’, ‘crawl up’, ‘jump up’. Hausa takan sa inda aka nufa a cikin aikatau, ta kawo yanayin daga baya ko ta wata aikatau: “ya hau da gudu”, “ya rarrafa ya hau”, “ya yi tsalle ya ɗare”. Sa'an nan Hausa tana da abin da Ingilishi ba shi da shi a ƙirar kalma, wato aji na shida mai ƙarewa da wasalin o, wanda ke nuna motsi ya nufo mai magana: “hawo”, “taso”, “ɗago”. Ingilishi sai ya canja kalma gaba ɗaya, ya ce ‘go up’ idan an nufi can, ‘come up’ idan an nufo nan.

8.0 Shawara ga Malami a Aji

Kada malami ya rubuta jerin kalmomin Ingilishi a allo, kowace da fassararta guda a gabanta. Wannan hanya ita ke haifar da kurakuran da aka nuna a sama. Abin da ya fi shi ne ya koyar da kowace kalma tare da abokan tafiyarta, wato sunayen da ta saba zama da su: ‘climb’ da bishiya, ‘mount’ da doki, ‘hoist’ da tuta, ‘arise’ da matsala. Yana da kyau ya fara da aiki a zahiri. Ya sa wani ɗalibi ya miƙe, wani ya ɗaga hannu, wani ya cicciɓi benci, wani ya hau kujera, sauran su faɗi abin da aka yi da Hausa, sa'an nan da Ingilishi. Bayan ma'anar zahiri ta zauna sai a shiga ma'anar aro, irin ta farashi da muƙami da hankali.

Wajen fassara kuma, ya horar da ɗalibai su karanta jimla duka kafin su taɓa ƙamus, su tambayi kansu yadda Bahaushe zai faɗi wannan abu da a ce shi ya fara ganin sa. Sanarwar da ta shafi ambaliya ko farashin abinci ko dokar hana fita abu ne da mutane ke aiki da shi, don haka kuskuren kalma guda a cikinta yana iya jawo hasara.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kalmomin Ingilishi masu nuna motsi zuwa sama sun bambanta ta fuska uku: mai yin motsin, da yanayin motsin, da irin zancen da kalma ta dace da shi. An kuma ga cewa “tashi” da “hau” da “ɗaga” ba su yi daidai da kowace kalma guda ta Ingilishi ba, kamar yadda ‘rise’ da ‘raise’ ba su da fassara guda a Hausa. Ɗalibi zai iya bin wannan hanya ya nazarci wasu rukunan, kamar kalmomin sauka da na gani da na magana.

10.0 Aikin Yi

1. Bayyana bambancin ‘rise’ da ‘raise’, ka kwatanta shi da na “tashi” da “tayar”.
2. Me ya sa ake iya cewa biri ya yi ‘climb down’, amma ba a faɗin haka ga jirgin sama?
3. Kawo jimloli goma na Hausa masu ɗauke da “hau”, ka fassara su zuwa Ingilishi, ka ƙirga kalmomin aikatau nawa ka yi amfani da su.
4. Fassara waɗannan zuwa Ingilishi: hankalinsa ya tashi; ƙullin waina ya tashi; kasuwa ta tashi; an ɗage zaɓe; hawan jini.
5. Nemo labarin kasuwa a wata jaridar Ingilishi, ka fitar da kalmomin da ke nuna ƙaruwar farashi, ka jera su daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, tare da Hausar da ta dace da kowace.